Tsofaffin wuraren haƙar dalma: kayan tarihi ne ko tulin guba?

Baƙon_Zaure:
Salamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masana ma'adinai da masu aikin gine-ginen tarihi. A Ingila da Jamus da Folan akwai wuraren haƙar dalma da aka rufe tun tuni, amma an ƙi rushe su, har 'yan makaranta ake kaiwa. Rammelsberg ta Jamus ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1992, Tarnowskie Góry ta Folan kuma a 2017. Mu da muka san abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, abin da ɗaure kai. Me ake adanawa takamaimai a irin wannan wuri? Kuma yaya ake buɗe wa jama'a filin da ƙasarsa guba ce? Ba a cike ramukan a binne komai ya fi ba?

Tsohon_Safiyo:
Wa alaikumus salam. Ramin shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake adanawa. Aikin dalma jeri ne, kowane mataki da gininsa: rijiyar da ake sauka, gidan injin da ke janye ruwa, dandalin farfasa dutse da wanki, matoyar narki, sai hanyar hayaƙi. Idan jerin nan yana nan, mai ido zai karanta wurin tun daga inda dutse ya fito har inda ya zama curin dalma. Ka rushe biyu daga ciki, sauran sun zama kufai kawai.

Ɗauki Magpie da ke kusa da ƙauyen Sheldon a Derbyshire ta Ingila. Gidan injin tururinta na 1869 yana tsaye, ga bututun hayaƙi, ga ƙarafan ɗaga kaya na shekarun 1950 lokacin da aka yi yunƙuri na ƙarshe. Babbar rijiyar ta haura mita 200. In ka shiga gidan inji irin wannan, duba bangon da ke fuskantar rijiya: ya fi sauran kauri nesa ba kusa ba, domin a kansa katon ƙarfen lilo yake zaune, gefe ɗaya a haɗe da tukunyar silinda a ciki, ɗaya gefen yana riƙe da sandar famfo da ke sauka rijiya. Daga ramukan kusoshi a ƙasan ɗakin za ka iya gane girman injin da aka cire aka sayar tun tuni.

Ɗan_Kuza:
Ai mu ma muna da irinsu a Jos da Bukur da Barikin Ladi, duk tafkunan nan na dalma ne, ba wanda ya damu da su.

Malam_Tarihi:
Ɗan_Kuza, sunanka ma ya ƙaryata ka. Na Jos kuza ce, ba dalma ba, ƙarafa biyu ne daban. Amma ba laifinka ba ne, tsofaffi ma sun haɗa su a baki. Garin Ririwain Dalma da ke ƙasar Bauchi kuza yake narkawa kafin zuwan Turawa, ana zuba ta sirara kamar tsinke ana kai wa kasuwa, amma ga dalma a sunansa. Dalma ta ainihi a Najeriya tana bin kwarin Binuwai: Enyigba da Ameka wajen Abakaliki, Arufu a Taraba, Zurak a ƙasar Wase. A nan ne za a nemi tsofaffin ramukanta.

Ɗan_Kuza:
Na karɓi gyara, Malam. Allah ya ƙara sani.

'YarKimiyya:
Kafin a yi gardamar a binne ko a bari, a fara sanin wane tuli ne guba, don ba duka suke ɗaya ba.

Dutsen dalma shi ne wanda muka sani da kwalli, haɗin dalma da farar wuta. In yana da tsabta, kashi 86 da ɗoriya cikin ɗari na nauyinsa dalma ce. Ya fi ruwa nauyi sau bakwai da rabi, alhali farin dutsen da yake fitowa a ciki bai wuce sau 2.7 ba. Duk aikin wanki a kan wannan bambancin aka gina shi. A farfasa da guduma mai faɗin baki, yawanci aikin mata da yara ne. A zuba a rariya, a riƙa tsoma ta ana girgizawa cikin baho mai ruwa. Mai nauyi ya kwanta ƙasa, a kwashe na sama a zubar. Garin da ya fi ƙarfin rariya sai a sake shi da ruwa a kan gangare mai sauƙi, kwalli ya tsaya kusa, yashi ya wuce gaba.

To, manyan duwatsun da aka zubar a bakin rijiya, haɗarinsu da sauƙi. Matsalar tana wuri uku: laka mai laushi ta tafkin wanki, ƙasar da ke kewaye da matoya, da ƙurar cikin hanyar hayaƙi. Ƙari a kan haka, kwallin da ya daɗe a sarari yana shan iska da ruwa yakan rikiɗe ya zama farar dalma mai kabonet, ita kuwa ruwan ciki yana narkar da ita cikin sauƙi. Wannan na cikin abin da ya sa na Zamfara ya yi muni: dutsen zinariyar ya riga ya rikiɗe haka, sannan aka niƙa shi a bushe da injin niƙan hatsi a tsakar gida.

MaiZugazugi:
Bari in ɗora a kan maganar hanyar hayaƙi, don ita ce abin da baƙo ya fi kasa ganewa. Zai ga bututu shi kaɗai a kan tudu, babu gini kusa, ya ce mene ne wannan. Matoyar tana can ƙasa a kwari, an haɗa su da doguwar hanya ta dutse mai rufin baka da ke bin gangaren tudu. A Allendale da ke arewacin Ingila tsawonta ya kai kilomitoci. A Grassington ma akwai.

Dalili biyu ne. Dalma tana narkewa a digiri 327 kacal, wutar matoya kuwa ta wuce nan sosai, don haka wani kaso yana tashi da hayaƙi. Asara ce. In hayaƙin ya yi doguwar tafiya sai ya huce, ƙurar dalma ta manne a bango, a kashe wuta a tura ma'aikata, har da yara, su kankare ta a sake narkawa. Na biyu, hayaƙin yana kashe ciyawa da dabbobi, masu gonaki suna neman diyya, sai aka kai bakin bututun can saman tudu. Yau in ka ga rufin irin wannan hanya ya rufta, abin da ke kwance a ciki ya fi komai a filin guba. Ba wurin da za a bar yaro ya yi rarrafe a ciki ba ne, komai kyan hoton.

Hajiya_Lafiya:
Ni fa ina bayan mai tambaya. Ku yi ta yabon bango da bututu, amma yaro yana shanye dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da babba, kuma babu wani adadi a jini da aka ce ba ya cutarwa. A Anka da Bukkuyum yara sama da 400 suka rasu. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ku dubi Kabwe ta Zambiya: an yi haƙa tun farkon ƙarni na 20 har 1994, an rufe, amma tulin kashin maƙera yana nan a gefen gari, mutane na tonon sa don neman abin sayarwa, iska na kai ƙura unguwanni. Wa zai kira wannan kayan tarihi? A Picher ta Amurka ma ƙarshenta gwamnati sayen gidaje ta yi, mutane suka tashi, gari ya mutu.

Tsohon_Safiyo:
Hajiya, gaskiyarki, amma misalan da kika kawo duk wuraren da mutane ke kwana a kan tulin ne. Magpie kuwa a tsakiyar makiyaya take, ana ruwa kusan duk shekara, ciyawa ta rufe ƙasa. Mai ziyarar awa biyu da yaron da ke wasa a ƙasar kullum yana cin tuwo da hannun da bai wanke ba, ba lissafinsu ɗaya ba.

Hajiya_Lafiya:
To ai ka faɗi da bakinka: ana ruwa, ciyawa ta rufe. Kawo wannan tsarin inda ake wata bakwai ba ɗigon ruwa, ga hunturu na kwasar ƙura, ka ga ko zai yi aiki.

Injiniya_Ruwa:
Ku ba ni dama in taɓo "a cike ramukan", domin a nan ne ake yin kuskuren da ke kashe manya.

Babban abokin gaban mai haƙar dalma ruwa ne. Famfon tsotso ba ya ɗaga ruwa fiye da mita bakwai zuwa takwas a aikace, shi ya sa ake jera famfuna hawa-hawa a cikin rijiya. Injin tururi kuma cin kwal gare shi, ga kwal da tsada a kan tudu. Mafita mai ɗorewa ita ce a haƙa lambatu ta ƙarƙashin dutse, da ɗan gangare, daga gindin ramin zuwa kogi mafi kusa. Na Magpie an fara shi 1873, aka gama 1881, ya haura kilomita ɗaya da rabi, yana zuba a kogin Wye. Abin da UNESCO ta yaba a Tarnowskie Góry ma tsarin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, kuma a 2010 aka haɗa madatsai da magudanan tsaunin Harz cikin rajistar Rammelsberg.

Waɗannan lambatu har yanzu aiki suke yi ko da an rufe haƙa. In ka toshe bakin, ko rufin ya faɗi ba a kula ba, ruwa zai taru a baya. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana danna tan 10 a kan kowace murabba'in mita. Toshiya mai faɗin murabba'in mita 2 da ruwan mita 30 a bayanta, tan 60 ke tura ta dare da rana. Haka ta faru da lambatun Magpie: ya toshe, ruwa ya taru, a 1966 ya ɓalle ya kwaso gefen tudu zuwa cikin kogi. Saboda haka ƙa'ida ta farko: bakin lambatu a sa masa ƙofar ƙarfe mai ramuka, ruwa ya wuce, mutum kar ya wuce. A riƙa auna yawan ruwan da ke fita. In ya ragu ba tare da dalilin yanayi ba, kar a yi murna, alamar toshewa ce.

Gwanin_Gini:
Rijiya ma haka. Zuba mata ɓaraguzai daga tifa ba cikewa ba ne. Kayan sukan maƙale a kan tsohon katako ko inda rijiyar ta tsuke, su yi gada, ƙasa kuwa fanko. Bayan shekara goma katakon ya ruɓe, komai ya zurma, wani lokaci da wanda ke tsaye a kai. Yadda ake yi: a tone bakin har a kai ga dutse mai ƙwari, a zuba murfin kankare mai rodi wanda ya zarce bakin ta kowane gefe ya zauna a kan dutsen, ba a kan tsohon jeren duwatsun bakin ba. A bar bututun shan iska. In jemagu na kwana a ciki, a Ingila doka ta hana rufe musu hanya, sai a sa ragar ƙarfe mai tazarar da za su iya wucewa. Sannan a sa alama a sama, a shigar da wurin taswira. Murfin da ba a rubuta inda yake ba tarko ne ga mai tarakta nan gaba.

Baƙon_Zaure:
Na gode ƙwarai. To ita katuwar ƙafar nan da ruwa ke juyawa ta mahaƙar Killhope a Ingila, da ake yawan nunawa, ita ma janye ruwa take yi daga rami?

Injiniya_Ruwa:
A'a, ka haɗa ta da ta Laxey. Ta Laxey a tsibirin Man, wadda aka gina 1854, faɗinta mita 22, ita ce ke tuƙa famfo. Ta Killhope a Weardale mita 10 ce da 'yan kai, aikinta juya injinan niƙa da na girgiza rariya a ɗakin wanki. Ruwa ɗaya ne ke zama abokin gaba a ƙasa, ya zama bawa a sama.

Malam_Tarihi:
Akwai abin da ake adanawa wanda ba dutse ba ne. A Derbyshire masu haƙar dalma kotunsu gare su, Barmote, wadda aka tabbatar da al'adunta a binciken Ashbourne na 1288, kuma har yau tana zama a Wirksworth, ko da yake yanzu ta zama ta al'ada. Dokar ta ba kowa damar neman dalma a filin kowa, ban da maƙabarta da lambu da babbar hanya. In ka samu jijiya sabuwa, sai ka kai wa jami'in kotu kwano ɗaya na kwalli, ya auna maka fili. Ma'aunin yadi 29 ne a yankin Wirksworth, yadi 32 a arewa. Alamar mallaka ita ce katakon jan guga da ka kafa a bakin rijiya. Ka bar wurin ba aiki, jami'i ya zo ya yi wa katakon tsaga; in ya yi sau uku ba ka dawo ba, an ba wani. Kwanon awo na tagulla, tun 1513 zamanin Sarki Henry na Takwas, yana nan a ɗakin kotun. Yana cin kusan lita takwas, kwano tara ne kaya ɗaya. Tiyarsu ke nan, da ita ake gwada ta kowa.

A Leadhills ta Sikotland kuma masu haƙa suka kafa ɗakin karatu na karo-karo a 1741, maƙwabtansu na Wanlockhead suka bi a 1756. In ka binne rami ba ka binne wannan ba, amma ba tare da ramin ba, wa zai gane me ya sa ƙauyen kan tudu ya mallaki ɗakin karatu?

MaiZugazugi:
A ƙara da azurfa, don sau da yawa ita ce ke biyan kuɗin aikin. Tsohuwar hanya: a narka dalma a kasko da aka yi da tokar ƙashi, a riƙa hura mata iska a wuta mai zafin kusan digiri 1,000. Dalma ta zama tsatsa mai ruwa-ruwa ta gangare, azurfa ta rage tana ƙyalli. Sai dai dole ka ƙona dalmar duka sannan ka sake mayar da ita ƙarfe, don haka in azurfa ba ta kai oza takwas a tan ba, ba riba.

A 1833 Hugh Lee Pattinson, mutumin Alston, ya fito da dabara. A jera manyan tukwanen ƙarfe. A narka dalma a ta tsakiya, a bar ta ta huce sannu a hankali ana motsawa. Ƙwayoyin da ke fara daskarewa azurfarsu kaɗan ce. A kwashe su da ludayi mai huji zuwa tukunyar gefe ɗaya, ruwan da ya rage, mai azurfa da yawa, a mayar ɗaya gefen. A yi ta maimaitawa. Ƙarshen layi ɗaya dalmar sayarwa, ɗaya ƙarshen ɗan kaɗan mai kauri da azurfa, shi kaɗai za a kai kaskon toka. Da wannan ko oza uku a tan ana cin riba. Daga baya hanyar Parkes ta 1850, mai amfani da tutiya, ta ture ta. In ka ga jerin zagayen murhu a layi ɗaya a kufan matoya, gurbin tukwanen ne. Mai share fili da buldoza ba zai san ya share komai ba.

Uwar_Gida_Kano:
Ku yi haƙuri in fita layi kaɗan. 'YarKimiyya ta ce dutsen dalma shi ne kwalli. Kwallin da muke sa wa jarirai a ido ke nan?

'YarKimiyya:
Shi ne, Yaya, in dai na dutse ne mai ƙyalli, mai nauyi a hannu, mai fashewa murabba'i-murabba'i. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya da dalma ta hau masa jini, aka gwada tozalin da ake sa masa aka samu dalma sama da kashi 80 cikin ɗari. Ba ta ido take shiga kai tsaye ba galibi: yaro ya murza ido ya kai hannu baki, wani kuma ya bi hanyar hawaye zuwa maƙogwaro. Niƙa shi da kyau ba ya rage komai, ƙara masa saurin narkewa ma yake yi. A daina sa wa yara.

Hajiya_Lafiya:
Alhamdu lillahi, ko wannan kaɗai aka tsinta a zaren nan an ci riba. Amma ba a amsa min ba: a ƙasa mai fari, yaya za a yi?

Dakta_Muhalli:
Hajiya, amsar ita ce a raba filin gida-gida, kar a yanke masa hukunci ɗaya.

Mataki na farko awo. A shata filin da layuka, tazarar mita 10 zuwa 20, a matse zuwa mita 5 kusa da wurin wanki da matoya. A auna saman ƙasa da na'urar XRF ta hannu, mai nuna yawan dalmar da ke cikin ƙasa. Tana da rauni biyu: ƙasa mai laima tana ba da adadi ƙasa da gaskiya, tsakuwa kuma tana rikita ta. Don haka a ɗebi samfur, a shanya, a tankaɗe, a auna garin, domin laushin nan shi ke manne wa hannun yaro. Kashi ɗaya cikin goma a aika ɗakin gwaji don a tabbatar na'urar ba ta ƙarya.

Ma'aunin kwatance: Amurka ta daɗe tana amfani da miligram 400 na dalma a kilo ga ƙasar gidaje, a 2024 ta sauke shi zuwa 200. A wasu gidajen Zamfara an samu dubun-dubatai. Aikin da aka yi a can, har da ƙauyen Bagega a 2013, shi ne a kankare saman ƙasa kamar santimita biyar da fartanya da shebur, a zuba a buhu a kai ramin binnewa, a shimfiɗa ƙasa mai tsabta. Sai an gama wannan ake fara ba yara maganin fitar da dalma, wanda ake ba mai maikrogram 45 ko fiye a desilita ta jini, don in ka yi magani ka mayar da yaro gida mai guba ka yi aikin baban giwa.

A wurin tarihi kuwa: laka mai laushi da ƙurar hayaƙi, a rufe su ko a kwashe, ba ciniki. Rufin shi ne shimfiɗar leda mai launi don ta zama gargaɗi ga mai tono nan gaba, sai ƙasa mai tsabta rabin mita, a ƙasa mai fari kuma a ɗora tsakuwa ko marmara maimakon dogaro da ciyawa. Hanyar baƙi a ɗaga ta da tsakuwar da aka kawo daga waje. Ba wurin cin abinci a ciki, famfon wanke hannu a ƙofar fita. Duk tono a jiƙa ƙasa tukuna. Gine-gine da manyan duwatsu su kuma a bar su.

'YarKimiyya:
Ƙari kaɗan, Dakta. Wasu na zuba takin fosfet don ya ɗaure dalma ta zama ma'adinin da ba ya narkewa. Yana aiki, amma in akwai gubar arsenik a ƙasar sai ya kwance shi ya bi ruwa. A gwada kafin a zuba.

Tsohon_Safiyo:
Kuma a Ingila wani lokaci rufewar ce ake hanawa. Akwai ƙananan furanni da suka saba da ƙasar dalma, ba sa iya gasa da ciyawa a ƙasa mai kyau, har ɗaya daga cikinsu ana ce mata ciyawar dalma a Derbyshire. Irin wannan makiyaya doka na kare ta. Ka zuba ƙasa mai taki ko farar ƙasa, ka kashe su. A can sukan ga gara a bar kaza cikin gashinta: tulin da ya yi shekara 150 ya kwanta ya yi ɓawo, buɗe shi ya fi barinsa haɗari. Abin da suke tsoro shi ne dabba. Maruƙa da dawaki da kaji su ne ke fara mutuwa, musamman bayan ambaliya ta shimfiɗa laka a fadama.

Gwanin_Gini:
Tunda an dawo kan gini, ga inda ake garin gyaran gira a rasa ido: siminti. Waɗannan gidajen inji da farar ƙasa aka gina su. Ka cusa siminti a tsakanin duwatsu, ya fi dutsen tauri, ba ya barin laima ta fita, ruwa ya maƙale a ciki, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutse ta ɓare. Kwaɓin da ya dace: awo ɗaya na farar ƙasa, biyu da rabi zuwa uku na yashi mai kaifi. A ƙwaƙule tsohon kwaɓi zurfin ninki biyu na faɗin tsagar, da hannu ba da injin yanka ba. A jiƙa, a cusa, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara kwana da kwanaki kar ya bushe da sauri. Ba a yi in sanyi ya sauka ƙasa da digiri biyar.

A fara da saman bango, nan ruwa ke shiga tunda ba rufi. Bishiyar da ta tsiro a bango a sare ta a kashe kututturen, kar a fizge, saiwar ce ke riƙe da duwatsun yanzu. Tsohon ƙarfen da ke cikin bango in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya tsaga dutse. Duk dutsen da za a sauke a ɗauki hotonsa a sa masa lamba. Kuma mai aiki a cikin bututu ko matoya ya sa abin rufe hanci mai matata ta gaske, ya bar kayan aikinsa a can, kar ya kai wa iyalinsa ƙura a riga.

Malam_Tarihi:
Ga Hajiya: misalin ƙasa mai fari akwai, Lavrion ta Girka. Daga kwallinta aka ciro azurfar da Atina ta gina jiragen yaƙi bayan samun babbar jijiya a 483 kafin haihuwar Annabi Isa, da bayi aka yi aikin. Saboda ƙarancin ruwa, wuraren wankinsu daɓe ne mai santsi da magudana ta kewaye shi, da ƙananan rijiyoyin da laka ke kwantawa, ruwa ya zagayo a sake amfani da shi. Suna nan ana gani. A 1864 aka dawo ana sake narka kashin maƙerar da mutanen da suka bari, aka yi ta aiki har ƙarshen ƙarni na 20, yanzu ginin kamfanin Faransawa ya zama cibiyar fasaha da al'adu a hannun jami'ar fasaha ta Atina.

Hajiya_Lafiya:
Malam, Lavrion ɗin nan ai an gwada yaran garin an samu dalma a jininsu. Misalin naka nawa ne.

Malam_Tarihi:
Ban musa ba. Narkin zamani ne ya fi ɓata garin, ba daɓen da ba, amma ƙasar ba ta tambayar shekara.

Ɗan_Kuza:
To in wani ya ce zai shiga tsohon rami a Zurak ko Enyigba ya ɗauki hoto da awo kafin masu haƙa na yanzu su cinye wurin, me zai riƙe?

Injiniya_Ruwa:
Shawara ta farko, ya tsaya a sama; rabin abin da ake buƙata a sama yake: taswirar bakin ramuka, harsashin gini, tulin zuba, da bakin dattawan da suka san wurin. In shiga ta zama dole, ba shi kaɗai ba, kuma da mutum a waje da ya san lokacin fitowa. Na'urar auna iska a gaba: iskar shaƙa kashi 20.9 ce, ta sauka 19.5 a juya. Ruɓaɓɓen katako da dutse mai farar wuta suna shanye ta, iskar kabon kuma tana kwanciya a ƙasa-ƙasa ba wari ba launi. Hular kwano, fitila uku. Kar a taka ƙasar da ba a tabbatar dutse ce ba, domin masu haƙar da sukan kafa itace a tsakanin bango biyu su jibga duwatsun banza a kai, ka ɗauka daɓe ne alhali rami ne a ƙasa. Wanda ke sama da kai ma haka yake, kar a taɓa. Da damina kuwa a haƙura gaba ɗaya.

Dakta_Muhalli:
Ya kuma ɗebo ƙasa. Cokali biyar daga wurare biyar cikin murabba'i ɗaya, santimita biyu na sama kawai, a haɗa a leda mai zif, a rubuta lamba da wurin a jiki da alƙalamin da ba ya gogewa. Cokalin roba ko na bakin ƙarfe mara tsatsa, a goge shi tsakanin samfur da samfur. Ya fara da inda yara ke wasa da bakin rijiyar sha, kafin ya je wajen kufan.